Karkarwar Injin Mota Bayan Ya Ɗauki Zafi: Bin Sawun Cuta Kafin Sayen Magani



Na san akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca suka tambayi kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da injin mota? Amsar gajeriya ce. Mota ba ta magana. Idan ta yi ciwo, mai ita ne tafintanta a gaban bakanike, kuma da Hausa ake wannan tafinta a yawancin garejojin garuruwanmu. In tafinta ya yi ƙwauron bayani, sai bakanike ya koma cinke, shi kuwa cinke a gareji aljihun mai mota ne ke biyan kuɗinsa. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ba da sanarwar cire tallafin man fetur a Nijeriya, ma'aikacin da ke da mota ya san cewa kowace lita da inji ya sha a banza, daga cefanen gida aka yanke ta.

Cutar da na zaɓa in yi magana a kanta sananniya ce. Ka tashi motarka da safe, inji yana aiki sumul. Bayan tafiyar minti goma ko sha biyar, ka tsaya a mahaɗar hanya, sai ka ji sitiyari da kujera suna rawa, inji yana neman mutuwa. Da ka taka totur, sai ya warware. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne wannan: jimlar nan da mai mota yakan faɗa a ƙarshen bayaninsa, kamar ba ta da muhimmanci, watau "sai ta yi zafi take yi", ita ce bakin zaren binciken baki ɗaya.

1. A fara da kiran cuta da sunanta

Kanikawanmu suna da kalma ga aikin inji a lokacin da mota ke tsaye, ƙafa ba ta kan totur. Suna ce da shi silo. Kalmar aro ce daga Ingilishi, kamar su fulogi, da kwayil, da kafireto, da lagireto, da salansa, amma duk sun zauna daram a bakin Bahaushe. Inda muke da rauni shi ne wajen siffanta abin da silon yake yi. Mai mota yakan ce "tana karkarwa" ya yi shiru, alhali kuwa aƙalla abubuwa huɗu ne daban-daban ke ɓoye a ƙarƙashin wannan kalma.

Na farko shi ne ɗingishi, wanda kanikawa ke kira misin: inji yana tsallake bugu ɗaya a kai a kai, in ka kasa kunne a bakin salansa sai ka ji kamar ganga da makaɗi ke ɗauke hannu a wuri guda. Wannan yana nuna silinda ɗaya ce ba ta aiki sosai. Na biyu shi ne hawa da sauka: allurar da ke nuna juyin inji ta haura, ta faɗo, ta sake haurawa, kamar mai haki. Wannan ya shafi injin gaba ɗaya, galibi kuwa batun iska ne ko mai. Na uku shi ne silo ya yi ƙasa ƙwarai, har inji ya mutu da zarar an kunna na'urar sanyaya ɗaki ko an murza sitiyari. Na huɗu kuwa, allura tana tsaye cak ba ta motsi, amma jikin mota yana jijjiga, musamman in an sa giya an taka burki. A nan sau da yawa inji lafiyarsa lau, robar da yake zaune a kanta ce ta mutu. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya iya rarrabe waɗannan huɗu ya riga ya rage wa bakanike rabin aiki.

2. Don me sai a silo?

Injin fetur da muke amfani da shi yana bin tsarin da Nikolaus Otto ya kammala a Jamus a 1876. Fistin yana yin tafiya huɗu a cikin silinda: ya zuƙo iska da mai, ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta su ƙone su tura shi, sa'an nan ya kori hayaƙi. Saboda haka kowace ƙuna tana bukatar abu uku: haɗin iska da mai daidai wa daida, wuta mai ƙarfi a kan kari, da matsi isasshe.

Mu yi ɗan lissafi. Inji mai silinda 4 yana yin ƙuna 2 a kowane juyi. In yana silo a kan juyi 700 a minti, ƙuna 1,400 ke nan a minti, watau kimanin 23 a daƙiƙa. A kan babbar hanya, a juyi 3,000, ƙuna 6,000 ce a minti. A wannan gudu, faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji yana ɗauke da ƙarfin da zai haye da shi kan ƙunar da ta yi rauni ba tare da direba ya ji ba. A silo kuwa tazarar da ke tsakanin ƙuna da ƙuna tana da faɗi, kowace ɗaya da ta faɗi sai jiki ya ji.

Bugu da ƙari, a silo ƙofar totur a rufe take, iskar da ƙaramin inji ke sha ba ta wuce 'yan giram kaɗan a daƙiƙa ba. Idan akwai 'yar tsaga a wani tiyo, iskar da za ta sato hanya ta nan babban kaso ce na wannan 'yar kaɗan. In an buɗe totur, sai ta ɓace a cikin iska mai yawa, kamar cokalin ruwa a randa. Shi ya sa silo ya zama wurin da inji ke tona asirin kansa.

3. Me ke sauyawa in inji ya yi zafi?

Ruwa ba ya tsami banza. In cuta ba ta bayyana da sanyi sai da zafi, to lalle akwai abin da ya sauya a tsakani. Abubuwa huɗu ne.

Na ɗaya, haɗin iska da mai. Gwargwadon da fetur ke ƙonewa sarai shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Bari mu ari kalmomin masu dama kunu: in mai ya yi yawa mu ce haɗi ya yi kauri, in iska ta yi yawa mu ce ya tsinke. Fetur mai sanyi ba ya zama tururi da sauƙi, wani sashe nasa yakan maƙale a bangon bututu. Don haka da safe ake ba inji haɗi mai kauri da gangan. A motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, cok ne ke wannan aiki, ta hanyar tare iska. A motocin da ke fesa mai da nozul kuwa, kwamfutar mota ce, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa. Wannan ƙarin mai yana rufa wa satar iska asiri. Da an janye shi, sai haɗi ya tsinke, inji ya fara tari.

Na biyu, saurin silo. Inji mai sanyi yakan yi juyi 1,200 ko fiye. In ya yi zafi sai a sauko da shi tsakanin 600 da 800, inda, kamar yadda muka gani, kowane rauni ke fitowa fili.

Na uku, wanda ƙwaƙwalwa ke saurare. A cikin bututun hayaƙi akwai wata sensa mai auna ragowar iskar oksijin, wadda kamfanin Bosch ya ƙirƙiro, kamfanin Volvo kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1976. Ba ta iya ba da rahoto sai ta yi zafin da ya haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyas. Kafin nan, ƙwaƙwalwa tana aiki ne da lissafin da aka rubuta mata tun daga masana'anta. Da sensa ta farka, sai ta koma gyara yawan mai bisa rahotonta, sau da dama a cikin daƙiƙoƙi kaɗan. In rahoton ƙarya ne, ko yana zuwa a makare, daga wannan lokaci ne ɓarna ke farawa.

Na huɗu, zafi da kansa. Ƙarfe yana miƙewa, baƙin mai yana yin ruwa, 'yar tsagar da ke jikin kwayil tana buɗewa. Akwai kuma bawuloli da ba a ba su izinin aiki sai inji ya yi zafi.

4. Waɗanda ake tuhuma

Daga waɗannan sauye-sauye huɗu za mu iya jera masu laifi, mu fara da wanda ya fi yawan aikatawa.

Satar iska ce kan gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin ƙasarmu yana busar da roba, tiyo ya tsattsage, ko gasket ɗin bututun shigar iska ya saki. A duba babban tiyon da ke tsakanin matatar iska da totur, musamman cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya kai wa, da tiyon da ke kwashe tururi daga cikin inji, da wanda ke tafiya wajen tukunyar taimakon burki. In silo yana sauyawa duk lokacin da aka taka burki, wannan na ƙarshe ne abin zargi.

Sai dauɗa. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna haɗuwa su yi kanta a gefen ƙofar totur da cikin bawul ɗin da ke daidaita silo, su toshe 'yar hanyar da inji ke numfashi ta cikinta. Haka nan ƙura takan lulluɓe siririyar wayar da ke auna iskar da ke shiga, sai ta riƙa ba da lissafin da bai kai gaskiya ba. A mota mai kafireto, jet ɗin silo ne ke toshewa, ko cok ya ƙi buɗewa gaba ɗaya.

Sai sensar zafin ruwa. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko inji ya yi zafi ko bai yi ba. In ta lalace ta dage a kan cewa har yanzu da sanyi, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da zuba mai kamar da asuba. Alamun su ne baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, baƙin fulogi, da shan mai fiye da kima. A wasu motoci wannan sensa daban take da wadda ke motsa allurar zafi a gaban direba, saboda haka allura tana iya nuna daidai alhali ƙwaƙwalwa tana jin ƙarya.

Sai bawuloli biyu da ya kamata su zauna a rufe, ko kusa da haka, a silo. Ɗaya shi ne wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji domin rage zafin ƙuna, wanda littattafan masu ƙera motoci ke kira EGR. In gawayi ya hana shi rufuwa, inji zai riƙa shaƙar hayaƙinsa a daidai lokacin da ba shi da ƙarfin jure masa. Ɗayan shi ne wanda ke sakin tururin fetur da aka tara daga tanki. In ya maƙale a buɗe, za ka lura mota tana wuyar tashi bayan ka sha mai.

Sai wuta. Kwayil mai rauni yakan yi aiki da sanyi, ya gaza da zafi. Fulogin da bakinsa ya cinye yana bukatar wuta mai ƙarfi fiye da da, sai ya ƙara wa kwayil nauyi.

Na ƙarshe, wanda ya fi tsada, shi ne matsi. A injunan da ake daidaita tazarar bawul da hannu, in tazarar ta matse, bawul yana iya kasa zama a mazauninsa sosai, matsi ya zurare, a wasu injunan kuwa zafi ne ke tsananta haka. Ƙonannen bawul ko gasket ɗin kan inji da ya fara huda su ma suna nan.

5. Tsarin bincike

Dokar ita ce: a auna kafin a kwance, a kwance kafin a saya, a kuma fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Mataki na farko na mai mota ne, kuma tambayoyi ne. Yaushe abin ya fara? Bayan an sha mai a wani wuri ne? Waɗanda suka sha fetur ɗin nan mai yawan metanol da ya shigo Nijeriya a farkon 2022 sun san mai da kansa yana iya zama cutar. Bayan an yi sabis ne, ko an wanke inji, ko an cire batir? Sau da yawa tiyo ne aka manta ba a mayar ba, ko ruwa ya kwanta a ramin fulogi. Minti nawa ake yi kafin ya fara? A cikin alamu huɗun nan da muka rarrabe, wacce ce?

Mataki na biyu, ido da kunne, kuma lalle sai inji yana da zafi, yana cikin yin abin. Bakaniken da ya duba mota da sanyin safiya ya ce lafiya lau, ya duba maras lafiya ne a lokacin da zazzaɓi ya sauka. A saurari shewar iska. A fesa ɗan ruwa a mahaɗar tiyo ɗaya bayan ɗaya. Inda sautin inji ya sauya, nan ƙofar ɓarawo take.

Mataki na uku, a tambayi ƙwaƙwalwa. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin bincike da ake kira OBD-II, ƙasashen Turai kuma suka bi da irinsa ga motocin fetur a 2001. Tun da yawancin motocin da ake shigo mana da su na hannu daga can suke, suna da wannan kafa a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0300 tana nufin ɗingishi a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da abin ya shafa, P0171 haɗi ya tsinke, P0172 ya yi kauri, P0128 kuwa inji ba ya kai zafin da ya kamata.

A nan ina so in ja kunne. Lamba shaida ce, hukunci yana gaba. In sensar oksijin ta ce haɗi ya tsinke, mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, kuma tsagaggen tiyo ne sanadi. Wanda ya saya sabuwar sensa saboda wannan ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da ya fi lamba amfani shi ne adadin gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa yawan mai, wanda na'urar bincike ke nunawa cikin ɗari. In ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a silo, amma ya sauko da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500, satar iska ce, saboda dalilin cokali da randa da muka ambata. In kuwa ƙaruwa yake yi da aka ɗaga inji, a nemi laifi wajen famfon mai, ko matatar mai, ko ma'aunin iska. Haka nan a dubi zafin ruwan da ƙwaƙwalwa ke gani: in inji ya yi rabin sa'a yana aiki ita kuwa tana ganin digiri 40, an kama mai ƙarya, ko kuma akwai abin da ke hana injin yin zafi.

Mataki na huɗu, in ɗingishi ne, a ware silinda. A zare wayar nozul ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare inji ya ƙara rikicewa, lafiyarta lau. Wadda aka zare ba abin da ya sauya, ita ce matacciya. Daga nan a musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta. In cutar ta bi kwayil zuwa sabon gida, magana ta ƙare, ba a kashe ko kwabo ba. In ba ta bi ba, a musanya fulogi, sa'an nan nozul. Fuskar fulogi ma wasiƙa ce: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙin toka mai ya yi yawa, fari fat haɗi ya tsinke, danshin baƙin mai kuwa inji ne ke shan mansa.

Mataki na biyar, in duk waɗannan ba su nuna kome ba, a auna matsi da inji mai zafi. Bai kamata silinda mafi rauni ta gaza mafi ƙarfi da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sai bayan wannan awo ne ya halatta a yi maganar buɗe inji.

Gargaɗi biyu saboda rai: kada a bar inji yana aiki a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba maras wari mai kisa, kada kuma a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.

6. Ɗabi'u uku da ke jawo mana hasara

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abubuwan da masu mota da kanikawa suka haɗu suka mayar al'ada.

Ta farko ita ce cire tamostat, watau 'yar ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai don ƙasashen sanyi aka yi ta. Sau da yawa har a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba hutu. Sakamakon shi ne inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta daɗe tana ba shi haɗi mai kauri, fulogi ya yi baƙi, gawayi ya taru, silo ya lalace. In mota tana zafi fiye da kima, lagireto ko famfon ruwa ko fanka ake dubawa.

Ta biyu ita ce ɗaga silo don a ɓoye karkarwa. Jijjiga takan ragu, amma cuta tana nan, ga ƙarin mai da ake ƙonawa a kowace tsayawa.

Ta uku ita ce yin biris da fitilar gargaɗin inji, har wasu su liƙe ta da tef. In wannan fitila tana ƙyaftawa, ma'anarta ɗanyen mai yana wucewa cikin bututun hayaƙi, yana ƙonewa a cikin matatar hayaƙi, wadda kanikawa suka laƙaba wa suna indomi saboda kamannin cikinta da dunƙulen taliyar nan. In ta narke ta toshe, abin da kwayil ɗaya zai magance ya koma gyara mai nauyi. Garin neman gira an rasa ido.

Kammalawa

Ga ma'aikata, shawarata ita ce ku ajiye ɗan littafi a mota, ku riƙa rubuta abin da aka canja da ranar da aka canja shi. In za ku gareji, ku kai motar da zafinta. Duk abin da aka ce ku saya, ku yi tambaya ɗaya cikin ladabi: "Maigida, wane awo ne ya nuna shi ne ya lalace?" Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, domin yana da amsarta.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na sashenmu, akwai aiki a gabanku. Kalmomin da kanikawa ke amfani da su a garejojin Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato suna da yawa, suna kuma sauyawa yayin da kafireto ke ba nozul wuri. A Maraɗi da Damagaram da yawansu daga Faransanci aka aro su. Ku je ku zauna da masu sana'ar, ku rubuta kalmar, ku rubuta abin da take nufi, ku ga ɓangaren da idonku. Yaron da ke koyon kanikanci da littafi a harshensa zai fi saurin koyon awo, mai mota kuma zai sami bakin da zai yi bayani da shi.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.